Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga editoci da masu fassara labarai da Hausa kan kalmomin da ake ambatar jinsin mutum da su

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, editoci, masu gabatar da shirye-shirye da masu fassara labarai da harshen Hausa, ina gaishe ku da aiki, ina kuma yi muku fatan alheri a kan nauyin da kuke ɗauke da shi.

Na rubuto muku ne da yawun wasu iyalai kaɗan da abu guda ya haɗa mu: kowane gida a cikinmu yana da ɗa, ko 'ya, ko ɗan'uwa da aka haifa da jikin da bai bi tsarin da aka saba gani na namiji ko na mace ba. Mafi yawan waɗanda abin ya shafa ba za su iya sa sunansu a ƙarƙashin wasiƙa irin wannan ba, ni ma ba zan sa nawa ba, domin duk wanda ya san sunana zai gane 'yar ƙanena da zan ba ku labarinta. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wani sakaci da ya daɗe a aikinku, wato ambatar jinsin mutum da kalmar da kuka ga dama, ba tare da an tambaye shi wace kalma ya yarda ta tsaya a madadinsa ba.

'Yar ƙanen nawa ta tashi a matsayin mace, kowa ya san ta mace, ita ma haka ta san kanta. Sai da ta kai shekara 17 ba ta fara al'ada ba aka kai ta asibiti, gwaji ya nuna cewa ƙwayoyin halittarta na XY ne, irin waɗanda aka fi samu a jikin maza, amma jikinta ba ya amsa sinadarin da ke gina siffar namiji, shi ya sa ta fito da siffar mace, sai dai ba ta da mahaifa. A hanyarmu ta dawowa ta tambaye ni da murya ƙasa-ƙasa, ta ce, “Goggo, yanzu ni mece ce?” Na ce mata, “'Yata, ke ce wadda muka fito da ita daga gida da safe.” Bayan wasu shekaru, da hankalinta ya kwanta, wata kafar labarai ta nemi ta yi magana domin wayar da kan iyaye, ta kuwa amince bisa sharaɗi biyu: kada a faɗi sunanta, kuma a kira ta mace mai wata larura ta halitta. Wanda ya yi hirar ya kiyaye sharaɗin, amma wanda ya rubuta kanun labarin ya sa cewa an yi hira da wata mata-maza, kuma ba a sauya muryarta ba. Cikin kwana biyu abokan karatunta suka gane ta. Ta daina zuwa aji, ta kuma daina zuwa ganin likitanta na tsawon watanni, alhali tana kan maganin da ke kare ƙarfin ƙasusuwanta tun bayan wata tiyata da aka yi mata.

Ƙorafinmu na farko, wanda shi ne tushen sauran, shi ne kuɗin goro da kuke yi wa abubuwa huɗu da ba su da haɗi. Akwai wanda aka haifa da bambanci a al'aurarsa, ko a sinadaran jikinsa, ko a ƙwayoyin halittarsa, kamar 'yar ƙanena. Akwai wanda jikinsa a fayyace yake, amma yana jin cewa jinsin da aka rubuta masa ranar haihuwa bai dace da yadda ya san kansa ba. Akwai namijin da ke magana da motsi irin na mata, wanda Hausa ta daɗe tana kira ɗan daudu. Sannan akwai batun wanda mutum yake sha'awa, wanda shi kuma wani fage ne daban. A labaranku sau da yawa kalmar mata-maza takan ɗauki dukkan huɗun, wani lokaci ma a jera ta kafaɗa da kafaɗa da luwaɗi da maɗigo a jimla ɗaya, kamar duk sunayen abu guda ne. Sakamakon haka shi ne uwar da ta haifi jariri mai al'aurar da ba a fayyace ba takan ɓoye shi don tsoron abin da za a ce. Wannan ɓoyewar tana iya kashe yaro. Akwai wata larura ta gado da ke shafar wani ɗan ƙullutu da ke saman ƙoda, wadda takan sa a haifi 'ya mace da al'aura mai kama da ta namiji, kuma a nau'inta mai tsanani jikin jaririn yakan zubar da gishirinsa har ya galabaita a makonnin farko idan ba a fara ba shi magani ba. Uwa tana buƙatar ta ji daga bakinku cewa wannan lamari ne na asibiti, kuma na gaggawa.

Wannan cakuɗa kalmomi tana ɓata har aikinku na fassara. A shekarar 2018 majalisar dokokin Pakistan ta yi dokar da ta ba mutum damar yin rajista da jinsin da ya san kansa da shi, sai a watan Mayun 2023 kotun shari'ar Musulunci ta tarayyar ƙasar ta soke wasu sassanta. Ƙashin bayan muhawarar shi ne bambanci tsakanin wanda aka haifa da jiki mai ruɗani da wanda ya dogara da abin da yake ji a ransa. Duk mai fassarar da ya kira ɓangarorin biyu mata-maza ya shafe labarin gaba ɗaya, domin mai sauraro zai ji kamar kotu ta yarda da wani abu ta kuma haramta shi a lokaci guda. Matsalar tana ƙaruwa saboda kalmar jinsi ita kanta ta yi wa Hausa aiki da yawa: da ita muke cewa jinsin maza, da ita muke cewa jinsin bil'adama, da ita muke cewa jinsin tsuntsaye. Idan kalma ɗaya tana ɗauke da wannan kaya duka, wajibi ne mai fassara ya ƙara 'yan kalmomin da za su nuna ko yana maganar halittar jiki ne ko kuwa yadda mutum ya ɗauki kansa.

Ƙorafi na biyu shi ne zaton da ake yi cewa akwai kalma ɗaya tak da ta dace da kowa, wadda idan aka gano ta an huta. A cikin 'yan iyalan da nake magana da yawunsu ma ba a haɗu a kan kalma ɗaya ba. 'Yar ƙanena ba ta son mata-maza ko kaɗan, domin a kunnenta kalmar tana nufin ita rabi ce da rabi, alhali ita ta san kanta mace cikakkiya. Wani magidanci a cikinmu kuwa da bakinsa yake cewa shi mata-maza ne, kuma dalilinsa mai ƙarfi ne: ita ce kalmar da talaka ya sani, idan ya kauce mata iyayen da ke neman taimako ba za su gane cewa da su yake ba. Wata kuma ta fi son khunsa, saboda kalmar ta fito daga littattafan fiƙihu inda aka tattauna sallar mai wannan halitta da gadonsa a matsayin bawan Allah mai haƙƙi, ba tare da zunɗe ba. Mutum uku ke nan masu larura makusanciya, da amsa uku, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Haka abin yake a ko'ina. A shekarar 2005 ƙwararrun likitoci suka taru a birnin Shikago na Amurka domin su sauya tsofaffin sunayen da ake kiran waɗannan larurori da su, suka fitar da matsayarsu a 2006, inda suka kira su tangarɗar ginuwar jinsi. Niyyarsu mai kyau ce, amma waɗanda abin ya shafa a jikinsu ƙalilan ne a zauren, kuma tun daga lokacin da yawansu suke cewa ba su yarda a kira halittarsu tangarɗa ba, har ta kai likitoci da dama yanzu suna cewa bambanci ko sauyi a madadinta. Wasu kuma, musamman iyaye, sun fi son sunan asibiti saboda shi ne yake buɗe musu ƙofar magani. Akwai ma maza masu ƙwayoyin halitta na XXY da mata masu X guda ɗaya waɗanda ba su ɗauki kansu a cikin wannan rukuni ba sam, sun ce su maza ne ko mata masu wata larura, shi ke nan. A Kanada, wani taron 'yan asalin nahiyar da aka yi a Winnipeg a 1990 ya zaɓi laƙabin da ke nufin mai ruhi biyu ga masu bambancin jinsi a cikinsu, domin ya maye gurbin wata kalmar raini da Turawan bincike suka liƙa musu. A Pakistan da yawa daga cikin masu bambancin jinsi sun fi son a ce musu khawaja sira a kan hijra, tsohon sunan da ake kiransu da shi a yankin, alhali a Indiya da Bangaladash akwai masu riƙe da hijra a matsayin sunan al'ummarsu. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya, a bugu na 11 na kundinta na rarrabe cututtuka, wanda aka amince da shi a 2019 ya kuma fara aiki a farkon Janairun 2022, ta cire rashin jituwa tsakanin jiki da jinsin da mutum ya san kansa da shi daga babin taɓin hankali, ta mayar da shi babin lafiyar jima'i. Na jero waɗannan ne domin ku ga cewa manyan hukumomi ma sun sauya kalmominsu bayan sun saurari masu abin.

Ƙorafi na uku ya shafi nahawun harshenmu, kuma a nan nauyinku ya fi na takwarorinku masu aiki da wasu harsuna. Mai magana da Ingilishi yana iya yin hira ta awa guda da mutum bai nuna ko namiji ne ko mace ba, domin kalmar da yake fuskantar abokin magana da ita ɗaya ce. Bahaushe kuwa da zarar ya wuce sannu da zuwa sai harshe ya tilasta masa zaɓi: ka zo lafiya ko kin zo lafiya, kai ko ke, naka ko naki, wane ne ko wace ce. Saboda haka ɗan jaridar da bai tambaya ba ya riga ya yanke hukunci a jimlarsa ta farko, kuma ya yanke shi ne da kallon fuska ko jin murya. Mutanen Suwidin sai da suka karɓi sabon wakilin suna, hen, wanda ba ya nuna namiji ko mace, ya kuma shiga ƙamusun hukumar harshensu a 2015. Mu ba mu buƙatar ƙirƙiro komai, domin muna da ku ta girmamawa, wadda muke yi wa babban mutum guda ba tare da kowa ya ji baƙon abu ba, muna kuma da an ce da aka ce. Waɗannan sun isa su riƙe hira na 'yan mintoci har mutum ya faɗa muku yadda yake so a yi masa magana. Abin da ke ci mana rai shi ne a ji baƙuwa tana cewa ni mace ce, mai gabatarwa kuma yana ci gaba da ce mata kai, ko ya riƙa sauyawa tsakanin kai da ke da wata 'yar dariya a muryarsa, masu sauraro kuma su ɗauki wannan dariyar su tafi da ita.

Ƙorafi na huɗu gajere ne, wato yanke wa mutum jinsi daga hoto. Bayan Caster Semenya ta Afirka ta Kudu ta lashe tseren mita 800 a gasar duniya a Berlin a 2009, tana da shekara 18, an fallasa batun gwajin jinsin da aka yi mata, jaridun duniya suka yi ta tattauna jikinta, ita kuwa tun daga lokacin har yau abin da take faɗa shi ne ita mace ce. Duk lokacin da aka sami irin wannan takaddama a wasanni, sai mu ga kanun Hausa yana tambayar mace ce ko namiji a saman hoton wata baiwar Allah. Takaddamar ƙa'idar gasa labari ne, ku kawo shi. Jikin 'yar wasa da sakamakon gwajinta kuwa nata ne, kuma 'yan mata irin 'yar ƙanena suna karanta waɗannan kanun suna jin cewa da su ake.

Na san abin da wasunku za su ce, kuma ban raina shi ba. Za a ce idan muka kira mutum da laƙabin da ya zaɓa, musamman wanda jikinsa a fayyace yake, kamar mun amince da abin da addininmu ko tarbiyyarmu ba su amince da shi ba. Ban zo in sauya wa kowa aƙidarsa ba, kuma su kansu iyalan da nake wakilta ba su da ra'ayi ɗaya a kan wannan rukunin. Amma kullum kuna kawo labarin jam'iyyu da ƙungiyoyi da ɗariƙu da sunayen da suka raɗa wa kansu, babu wanda ya taɓa cewa hakan mubaya'a ce. Kuna iya cewa wance, wadda ta bayyana kanta a matsayin kaza, kun faɗi gaskiyar abin da ya faru, hukunci kuma ya rage ga malamai da masu sauraro. Abin da addini bai ba kowa ba shi ne izinin jifa da laƙabi, kuma aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana shi a fili. Ga wanda aka haifa da bambancin halitta kuwa babu ma wurin saɓani, domin malaman fiƙihu sun ware masa babi tun ƙarnoni da suka wuce, har malaman Malikiyya suka ce idan lamarinsa ya ƙi fayyacuwa a ba shi rabin rabon namiji da rabin rabon mace a gado. Mutanen da suka zauna suka lissafa masa haƙƙinsa da wannan kulawa ba su bar mana uzurin yi masa ba'a ba.

Za a kuma ce kanun labari ba shi da fili, kuma mata-maza ta fi jan hankali. Gaskiya ne ta fi ja, kuma wannan shi ne abin da ke damun mu. Hankalin da ta jawo a kan 'yar ƙanena ya ci mata shekara guda ta karatu. Kalmomin da ta roƙa a sa, mace mai larurar halitta, guda huɗu ne, za su shiga kowane kanu.

Ku kuma sani cewa ba kan mutum biyu ko uku muke wannan magana ba. Ƙiyasin da ofishin kare haƙƙin bil'adama na Majalisar Ɗinkin Duniya yake amfani da shi ya kama daga kashi 0.05 zuwa kashi 1.7 cikin ɗari na jama'a, gwargwadon faɗin ma'anar da aka ɗauka. Kenya ta sa gurbi na uku, ban da na namiji da na mace, a ƙidayar jama'arta ta 2019, aka sami mutum 1,524 da suka bayyana kansu a ƙarƙashinsa. Jamus ta ba da damar barin gurbin jinsi a buɗe a takardar haihuwa tun 2013, sannan ta ƙara gurbi na uku a ƙarshen 2018 bayan hukuncin kotun tsarin mulkinta. A watan Afrilun 2024 Majalisar Kare Haƙƙin Bil'adama ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙudurinta na farko a kan masu wannan halitta, babu ƙasar da ta kaɗa ƙuri'ar ƙi. Irin waɗannan labarai za su ci gaba da zuwa teburinku, kuma da kalmominku ne miliyoyin mutane za su fara jin su.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Kafin a kunna na'urar naɗar magana, ɗan jarida ya tambayi baƙonsa yadda yake so a ambace shi, da kai ko da ke ko da ku, da kuma kalmar da ya yarda a bayyana halinsa da ita, sannan ya rubuta amsar a saman rahoton domin ta isa ga edita da mai rubuta kanu da mai sa labarin a shafukan sada zumunta, tunda a tsakanin waɗannan hannuwa ne alƙawari yakan faɗi. Idan mutum ya ce ba ya son kowane laƙabi, wannan ma amsa ce, a kira shi da abin da ya kawo shi labarin: ɗalibi, ko likita, ko mai ƙara. Idan wanda aka taɓa hira da shi a da ya dawo da wata kalma dabam, a bi ta yanzu, domin mutum yakan ɗauki shekaru kafin ya sami kalmar da ta zauna masa, kuma 'yar ƙanena ma sai da ta gwada biyu ta ajiye.

Muna roƙon kowace kafa ta tanadi ɗan kundin kalmomi na cikin gida da zai raba abubuwa huɗun nan da na ambata, a zauna a tsara shi da likitoci da masana harshe da malaman addini, kuma lallai da waɗanda abin ya shafa a jikinsu, kada a maimaita abin da ya faru a Shikago. A bar kundin a buɗe, a riƙa waiwayarsa. Idan labarin ya shafi yaro ƙarami, kada a sa hotonsa ko na iyayensa, kada kuma a liƙa masa laƙabin da zai girma ya tarar yana yawo a intanet, domin shi bai kai lokacin zaɓar kalmarsa ba tukuna. Idan an yi alƙawarin ɓoye mutum, a sauya muryarsa, a kuma cire duk abin da zai sa a gane shi. Idan kuma an yi kuskure, a gyara kanun a inda aka sa shi, a faɗi cewa an gyara, a kira mai abin a ba shi haƙuri.

Na karanta wa 'yar ƙanena wannan wasiƙa kafin in aiko ta. Ta koma karatu, ta kuma koma wurin likitanta. Ta ce in faɗa muku cewa har yanzu tana son iyaye su ji labarinta, domin ta san akwai yarinyar da ta kai shekara 17 tana jira ba ta san dalili ba, kuma a shirye take ta sake magana da duk kafar da ta yarda ta karanta mata kanun labarin a waya kafin a sake shi.

Wassalam, tare da girmamawa,
Goggon wata ɗaliba, a madadin iyalan da suka ɗora mata wannan saƙo.